Jakar Lalube

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

An karɓe jakar.

Hedimasta da kansa ya shigo aji huɗu bayan an tashi, ya ce, "Malama, don Allah ki ba ni ita in ajiye a ofis kafin kwamiti ya zauna." Hannu biyu ya sa ya karɓa. Ya fita da ita. Yaron da na koya wa ɗaure igiyar takalmi, yau shi ke karɓe mini kayan aiki. Ba laifinsa ba ne, na sani. Duk da haka raina ya ɓaci.

Ɗinki uku aka yi wa ɗan Tela, yaron ajina, a manuniyar hannun dama. An ce da sauƙi.

Talata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta yadda abin ya faru tun ban fara yi wa kaina kwaskwarima ba.

Shekara talatin da uku ina koyar da sababbin kalmomi da jakar nan. Yaro zai rufe ido ya zura hannu, ya kama abu ɗaya. Ba zai fito da shi ba, ba zai faɗi sunansa ba. Kalma uku kawai zai ba mu na abin da hannunsa ya ji: sanyi, nauyi, kaushi. Sauran aji su yi ta canka. Idan ya rasa kalmar da zai faɗa, yana ta murza abu yana yatsine fuska, to nan nake shigowa in ba shi sabuwa. Kalmar da yaro ya nema da kansa ya rasa, idan ka miƙa masa ita a lokacin, ba ya yar da ita har ya tsufa. Sai a rubuta ta a allo, kowa ya sa ta a jimla, a tafi da ita gida a gwada a kan wani.

Yara ke kawo kayan. Dokata guda ce: babu abin da zai shiga jaka sai na ɗaga shi a bakin taga na duba shi ciki da bai.

Ranar Alhamis wata yarinya ta kawo 'yar kwalbar turare. Na yi murna, don ina so in koya musu "gautsi". Na kai ta taga, na ɗaga, na juya, na shafa. Sumul. Rediyo, wadda ke zama a bencin gaba, bakinta ba ya hutawa, ta ce, "Malama, kwalbar nan..." Na ce ta kashe rediyon nan. Aka yi dariya. Na jefa kwalba a jaka na girgiza.

Ɗan Tela ya zura hannu.

Sun ce tsaguwa ce siririya kamar gashi, daga wuya har gindi. Irin wadda hannu ba ya ji.

Talata, bayan la'asar

Na sayi alƙalami mai kaurin baki. Waɗancan siraran duk na banza ne yanzu, ba sa fita.

Laraba, ƙarfe biyu da kwata

Koyarwa ba jaka. Na buɗe littafin aji, shafin da aka jera kalmomi ashirin kamar 'yan layin asibiti. Masu buga littattafan yanzu ƙwauron tawada suke yi, rubutu kamar ƙafar kiyashi. Na ce wa Rediyo ta karanta da ƙarfi, ai dama aikinta ke nan. Ta karanta, suka maimaita, suka kwafa. Minti goma aka yi, na ji hamma daga baya, wani ya karɓa daga gefe, ta zagaye ajin kaf har ta iso kaina.

Da aka tashi na tambaye su kalma uku daga cikin ashirin ɗin. Ɗaya suka kawo, ita ma da ƙyar.

Alhamis, ƙarfe biyar na yamma

Baban yara ya ce, "To, an kwashe bola, sai ki huta." Shekara talatin yana kiran jakata bola, amma duk wanda ya bincika zai samu fulogin motarsa a ciki, shi ya ba ni da hannunsa lokacin yana tuƙin bas. Na ce masa bolar ce ta fitar da likitoci biyu da hedimasta guda. Ya ce, "Da mai gyaran famfo da ya cuce mu bara." Na ce wannan aji uku ya tsaya, bai iso wurina ba.

Ya yi dariya. Ya ce, "Asabar ce fa ranar komawa wurin mutumin nan."

Na ce na ji.

Ya ce, "Wancan karon ma kin ji."

Na tashi na shiga kicin.

Juma'a, ƙarfe bakwai na safe

Innata ce ta ɗinka jakar, da ragowar labulen ɗakinta, shuɗi mai kauri. Satin da zan fara aiki ke nan, ina ta rawar jiki. Ta ce in riƙa zuba abinci a ciki. Da ta ji abin da na mayar da ita sai ta riƙe baki ta ce, "Yanzu don wannan aka kai ki kwaleji?" Amma daga baya ita ke tara mini murafe da maɓallai a gwangwani.

Duk ƙarshen shekara aji kan zaɓi abu ɗaya ya zauna a jakar har abada, sauran kowa ya ɗauki nasa. Talatin da uku ne yanzu. Ina iya lissafa su ina kwance. Soson ƙarfe na shekarar da rufin aji ya yi yoyo muka koma ƙarƙashin bishiya. Guntun roba mai danƙo. Dutsen rafi na tagwayen nan da ba a raba su benci. Ƙwallon auduga da yarinyar da ta rasu a zango na biyu ta kawo, don "laushi". Har yau idan yaro ya kama shi nakan juya baya in gyara allo.

Da kwaɗon ƙofa mai tsatsa, marar makulli, na shekarata ta huɗu. Wani siririn yaro mai yoyon hanci ya tsinto shi a bayan gidansu. Ya murza ya murza ya ce, "Malama, kamar ƙarfe ya yi ƙazuwa." Na ba shi "tsatsa". Sunan ya bi shi har sakandare. Yanzu kwat yake sawa, ana ce masa ranka ya daɗe.

A jikin kwaɗonsa kwalbar ta fashe. Wannan ban faɗa masa ba.

Asabar, azahar

Ban je ba. Wanki ya yi yawa.

Litinin, ƙarfe uku

An turo mini Sabuwar Malama ta "taya ni". Yarinya ce ƙarama, takalminta na ƙwas-ƙwas, tun daga baranda nake gane ta. Na ɗaure fuska, na ba ta kujerar baya. Da na ga ajin ya mutu murus sai na ce ta gwada nata mu gani, ina jiran ta fito da waya.

Ba ta fito da ita ba. Ta ce kowa ya tashi tsaye. Ta faɗi "sanɗa", ta ce su yi tafiyar ɓarawon nama a kicin. Ta faɗi "ɗingishi", aji ya karkace gaba ɗaya. Ta faɗi "tangaɗi", benci biyu suka faɗi. Dariya har da masu riƙe ciki. Ƙafafunsu kawai nake ji a siminti, kuma ta sautin na san sun kama kalmomin.

Na ce mata, "Ba laifi." Ta ce, "Mama, ai ba kamar jakarki ba. Yayata ta yi ajinki, har yau in ta taɓa abu a kasuwa sai ta faɗi kalma uku."

Na so in ƙi yarinyar nan. Abin ya ƙi yiwuwa.

Talata, ƙarfe huɗu

Hedimasta ya kira ni ofis. Ya rufe ƙofa, ya ba ni kujerarsa mai laushi, shi ya ɗosana a gefen tebur. Ya miƙo mini takarda. Na karɓa na riƙe. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kawo in karanta miki, Malama, injin namu tawadarsa ta yi ƙasa."

Takardar ta ce tsautsayi ne ya afku saboda hanyar koyarwar tana da haɗari. Ta ce makaranta ta hana amfani da jakar lalube, a wannan aji da kowane aji, daga yau. Ta ce malamar za ta ci gaba da aikinta.

Ya ce, "Ki sa hannu kawai. Saura shekara biyu ki yi ritaya da mutuncinki. Ba wanda zai sake tambayar ki komai."

Na ce, "Tsatsa, jakar ce ta yanke yaron?"

Tunda ya zama hedimasta ban kira shi da sunan nan ba. Ya gyara zama a gefen teburin. Ina jin yana wasa da murfin biro.

Ya ce, "In ba jakar ba ce, kwamiti zai tambaya to mene ne. Kuma in suka ji amsar, ba za su bar ki da yara arba'in ke kaɗai ba. Ni ma ba zan iya ba."

Kwamiti zai zauna Alhamis ta sama. Na ce zan yi tunani. Da zan fita ya riga ni zuwa ƙofa, ya ture kwandon shara daga hanya da ƙafa, a hankali, yana zaton ban ji ba.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Shekara biyu. Zango shida. Ajin nan, da na gaba, da na gabansa.

Laraba, bayan la'asar

Na je duba ɗan Tela. Shagon uban ne a gaba, gidan a baya. Tela ya tsayar da keken ɗinki ya gaishe ni, gaisuwa sama-sama. Yaron ya fito a guje da yatsa a naɗe.

Ya ce, "Malama, ban gama ba fa. Biyu na faɗa, sanyi da santsi. Ta ukun ita ce kaifi."

Na ce ya ci maki cikakke. Sai ya matso ya rage murya ya ce, "Wai saboda ni aka kama jakar? Wallahi ban yi kuka da yawa ba."

Na ce ba saboda shi ba ne. Na faɗa sau biyu.

Da zan tafi Tela ya raka ni bakin titi. Ya ce, "Malama, ni ba mai son rigima ba ne. Yaron nan kullum da kalmar da zai dawo mana da ita, uwarsa har ta gaji. Jiya ya ce wa yadin mutane mai kaushi a gaban mai shi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Ya ce kin ɗaga kwalbar a taga kin duba. Ya ce shi daga benci na uku ya hango tsagin. To yaya aka yi?"

Na ce masa yamma ta yi, zan wuce.

Ya tsayar mini da mota, ya faɗa wa direban inda zan sauka. Ni ban gaya masa ina bukatar haka ba.

Alhamis, ƙarfe biyu

Littafi. Kalma ashirin. Hamma.

Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi

Na tsayar da Rediyo bayan an tashi, don in ba ta haƙurin hana ta magana ran nan. Ban taɓa ba ɗalibi haƙuri ba, sai na rasa ta inda ake farawa. Na ce, "Ranar kwalba, me kika so faɗa?"

Rediyo ta yi shiru. Abin da ban taɓa ji ba.

Can ta ce, "Laifina ne, Malama. Ranar aikina ne."

Na ce wane aiki?

Sai ta ɓalle. Wai tun zangon da ya wuce suka yi taro a bayan aji. Wai sun raba aiki. Mai ajiye alli a kusurwar dama ta tebur kullum, don in same shi. Mai goge allo tas kafin in shigo, tun ranar da na yi rubutu a kan rubutu. Masu janye jakunkuna daga hanya. Kuma duk wanda ya ɗaga hannu sai ya faɗi sunansa. Ni kuwa wata uku ina yi musu faɗa a kan wannan, ina cewa wace irin sabuwar rashin kunya ce, a ɗaga hannu a yi shiru mana. Ita kuma nata aikin, duk abin da na ɗaga a taga ta duba tare da ni daga inda take.

Ta ce, "Mun yi alkawari ba za mu faɗa wa kowa ba. Don kar a canza mana ke." Tana kuka tana jan hanci. "Da na yi ihu da bai yanke ba."

Yarinya 'yar shekara tara ta kwana goma sha biyar tana ɗauke da wannan.

Na jawo ta na ce ta saurare ni da kyau. Na ce duba kwalba aikin malama ne, ba na 'yar aji huɗu ba. Na ce ta yi nata, ni ce na kashe rediyo. Ta yi dariya cikin kuka, ta goge fuska da gefen mayafina.

Ina zaton ni ke riƙe da ajin nan. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da wani abu kuma wanda ba kunya ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Mun je. Baban yara ya sa rigarsa ta fita, ya riƙe mini gwiwar hannu a matakala, ban fizge ba. Mutumin, likitan ido, ya haska fitilarsa, ya sa ni karanta allonsa. Layin sama na karanta. Ya faɗi sunan abin, dogon suna. Shekara talatin da uku ina tara kalmomi, wannan kam ba na so, ban riƙe ta ba. Ya ce da an zo da wuri. Ya ce za a iya rage masa gudu. Bai ce za a dawo da abin da ya tafi ba.

A hanya Baban yara bai yi tsokana ko ɗaya ba. Na ce masa in bai ce bola ba, zan sauka in tafi a ƙasa. Ya ce, "Bola." Muryarsa ba ta fita sosai ba.

Lahadi, hantsi

Na zauna a bakin taga ina tuna ajina na farko. Yara sittin, allo ya tsage, ni da sabon takalmi yana cin ƙafata. Fuskokinsu nake gani tar, har da wanda ya yi aski rabi ya gudo makaranta. Na bana kuwa muryoyinsu na sani.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Takardar na cikin jakar hannuna. Na fito da ita sau uku. In na sa hannu, shekara biyu zan yi ina riƙe littafin da wata ke karanta mini, yara na janye mini kaya daga hanya suna tsoron ranar da za su makara. Labulen Inna kuma ya ruɓe a kabad ɗin ofis da sunan shi ne mai laifi.

In ban sa ba, Juma'a ce ta ƙarshe.

Ina son ajin nan. Bari in rubuta shi ƙarara tunda ba mai karantawa: ina son sa fiye da yadda ya kamata, kuma ina tsoron safiyar da ba ni da inda zan je.

Alhamis, ƙarfe uku

Na faɗa musu.

Alhamis, bayan la'asar

Ba wuya ashe, jimla biyu ce. Na ce wa kwamiti idona ya raunana, ni ce ban ga tsagin ba. Tela ne ya fara magana, ya ce shi ya janye ƙorafinsa, kuma in za a hana jakar to a rubuta bai yarda ba. Aka yi ta ja. A ƙarshe suka ce jaka ta dawo, amma ba gilashi, kuma manya biyu za su riƙa duba kaya. Sabuwar Malama za ta karɓi aji huɗu daga Litinin.

Hedimasta ya raka ni har bakin ƙofar makaranta. Ya ce, "Malama, na so in rufa miki asiri ne." Na ce na sani, amma tun yana aji huɗu bai iya ƙarya ba. Na kuma gaya masa kwaɗonsa ne ya fasa kwalbar. Ya ce, "Innalillahi, a cire shi." Na ce kul, in ya taɓa shi sai na kai ƙararsa kwamiti.

Juma'a, ƙarfe biyu da rabi

Ina shiga na ji ƙarar jakar a kan tebur, ƙarfe da dutse da roba, ƙarar da zan gane ko a tsakiyar kasuwa. Na miƙa wa Sabuwar Malama igiyar. Na nuna mata yadda ake riƙe bakin don kar mai wayo ya leƙa. Na ce kar ta yi gaggawar ba yaro kalma, ta bar shi ya sha wuya tukuna. Ta ce to, Mama.

Sai aka ce daga gaba, "Malama, ni ce Rediyo." Na ce na sani. Ta ce ajin ya zaɓi abin da zai zauna a jaka, ba za su jira ƙarshen shekara ba. Ta ce malamai biyu sun duba. Ta ce yau ni zan zura hannu.

Wani daga baya ya ce, "A rufe ido, Malama, ban da satar kallo!" Aka yi masa caa. Ni kuwa na yi dariya har da ƙwalla, na rufe.

Na wuce soson ƙarfe. Na wuce fulogi, na wuce dutsen tagwaye, na wuce auduga. Na gaisa da kwaɗo. A can ƙasa, a lungu, na same shi. Bai kai rabin ɗan yatsa ba, gefe ɗaya ya cinye a karkace, daidai yadda nake riƙe shi.

Na ce, "Gajere."

Raɗa ta fara tashi daga baya.

Na ce, "Gari-gari."

Na ji benci na motsi, sun matsu.

Na ce ta ukun sabuwa ce, ita na so ba su ranar kwalba. Abin da in ka matse shi da ƙarfi zai karye, don haka sai a riƙe shi a hankali. Na ce, "Gautsi."

Suka ce gaba ɗaya, "Alli!"

Sabuwar Malama ta rubuta kalmar a allo. Ina jin tafiyar hannunta, harafi bayan harafi, ba ta yi kuskure ba. Ɗan Tela ya ɗaga hannu ya faɗi sunansa, ya ce zai sa ta a jimla. Ya ce, "Kofin baƙi na gidanmu yana da gautsi, shi ya sa ba a ba ni." Na ce ya je ya gwada ta a kan babansa.

Na mayar da allin cikin jaka. Talatin da huɗu.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Yatsuna uku har yanzu da garin alli, ina jin sa in na murza. Baban yara ya leƙo ya ce in wanke hannu, abinci na hucewa. Na ce ya fara ci, ina zuwa.